Layin dogon Abuja na kwana babu aiki, kayanmu na kwana a goslo

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar sufuri nake so mu yi, amma ta kaya, don ita ce ba a cika tattaunawa ba alhali ita ke cin kuɗinmu a ɓoye. Duk wanda yake saro kaya a Dei-Dei ya shigo da su cikin gari ya san abin da nake nufi. Ni harkata kenan, tayil, fenti, kwano, wani lokacin siminti da rodi idan mai gini ya ce in haɗa masa gaba ɗaya, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin shatar mota ya zama wani jari na daban, sai ka gama ciniki da mai kaya ka ji daɗi an yi maka sauƙi, ka fito bakin titi direba ya faɗa maka kuɗinsa duk sauƙin nan ya tafi. Kuma ba laifin direban ba ne, shi ma mai yake saya, taya yake saya, ga masu tare hanya, ga awannin da zai ɓata a kan hanyar Kubwa in an yi rashin sa'a tirela ta mutu a gaba.

Toh a daidai wannan yankin da muke wannan wahalar akwai layin dogo sabo fil, da tasha mai suna Dei-Dei a kansa. Jirgin cikin garin Abuja nake nufi, wanda Buhari ya ƙaddamar a watan Yuli 2018, aka tsayar da shi a 2020 lokacin korona, ya yi shekaru a ajiye, sannan Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayu 2024. Tashoshi 12 gare shi. Layi ɗaya ya taso daga tsakiyar gari ya bi ta Stadium da Kukwaba da Wupa ya shiga Idu ya wuce filin jirgin sama, ɗayan ya rabu daga Idu ya bi ta Gwagwa, Dei-Dei, Kagini har Gbazango ta wajen Kubwa. Da dare jirgin nan ba ya aiki. Bashi aka ciyo aka gina shi, kuma bashin nan ana biyansa ko jirgi na tafiya ko yana tsaye, kamar dai mutum ya kama hayar shago mai tsada ya riƙa buɗe shi rabin yini.

Tambayata ita ce me zai hana layin nan ya ɗauki kaya a lokutan da fasinja ba sa buƙatarsa? Kar ku ce mafarki nake, akwai garuruwan da suka yi, wasu ya yi musu wasu kuma suka yi asara, kuma a labarin waɗanda suka yi asarar ne ma darasin ya fi yawa.

A Turai akwai abin da suke kira tiram, ƙaramin jirgin ƙasa ne mai lantarki da ke bin tsakiyar titi tare da motoci, yana tsayawa unguwa unguwa. Na fasinja ne. Amma a garin Dresden na Jamus, kamfanin Volkswagen ya gina masana'antar haɗa motoci a kusa da tsakiyar gari, mutanen gari kuma ba sa son manyan motoci su riƙa ratsa musu unguwanni dare da rana, sai aka zauna da kamfanin tiram na garin aka ƙera wani na musamman mai launin shuɗi, CarGoTram, wanda babu kujera ko ɗaya ta fasinja a ciki. Ya fara aiki a 2001. Tsawonsa kusan mita 60, yana ɗaukar kaya har tan 60, wato a tafiya guda yana ɗauke lodin tirela uku. Yana tasowa daga sito ɗin kamfanin da ke unguwar Friedrichstadt, ya ratsa tsakiyar gari a kan layin da na fasinja ke bi, ya shige har cikin masana'antar, a sauke kayan haɗa mota ya juya. Kuma ku lura da kyau, a duka ɓangarorin biyu an ja masa ɗan reshen layi nasa na kansa, saboda haka lokacin lodi da saukewa bai tare wa kowa hanya ba. Haka ya yi ta yi kusan shekara ashirin, da ɗan hutu a 2016 lokacin da suka daina ƙera motar Phaeton, ya dawo a 2017, sai a watan Disamba 2020 aka ajiye shi gaba ɗaya da kamfanin ya canza irin motar da yake haɗawa a wurin da kuma yadda yake shigo da kayanta.

Abin da ya riƙe na Dresden shekara da shekaru a fili yake. Mai kaya ɗaya ne, kaya iri ɗaya ne, daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, kullum, a lokacin da aka sani. Kuma abin da ya kashe shi ma shi ne, ranar da wannan mai kayan ya ce ya daina shikenan babu wani a layi.

Su kuma mutanen Amsterdam a Holan sai suka ɗauko ta da faɗi. A 2007 wani kamfani mai suna City Cargo ya yi gwaji, tiram ya shigo da kaya daga bayan gari, a sauke a zuba a ƙananan motoci masu lantarki su rarraba wa shaguna. Gwajin ya yi kyau, har ana maganar tiram masu yawa da za su rage manyan motoci a tsakiyar garin. Amma sharaɗin hukuma shi ne kar a taɓa lokacin na fasinja, kuma sai an gina ƙarin rassan layi da wuraren saukewa, kuɗin kuma aka rasa wanda zai biya, kamfani na jiran gwamnatin birni, gwamnatin birni ta ce ba da ita ba, zuwa 2009 kamfanin ya durƙushe. A Viyana ta Ostiriya ma an gwada wajen 2005 abin bai ɗore ba. A Saint-Étienne ta Faransa a 2017 sun yi amfani da tsohon tiram suka kai wa wasu shagunan sayar da kayan masarufi na kamfanin Casino kaya, shi ma a gwajin ya tsaya.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Zurich a Suwizalan, don su ba su je neman kayan tsada ba, shara suka kama. A 2003 suka ɗauko tsohon tiram suka ɗaura masa taragu a baya, ya riƙa zuwa wasu tashoshi a ranakun da aka sanar, mutanen unguwa waɗanda ba su da mota su kawo tsohuwar katifa, karyayyen gado, kujeru, duk tarkacen da motar shara ta yau da kullum ba ta ɗauka, a loda a wuce da su wurin sarrafawa. A 2006 suka ƙara wani na tsofaffin kayan wuta, talabijin, kwamfuta da irinsu. Shara ba ta sauri, ba ta da mai ita da zai yi ta buga maka waya yana tambayar ina kayana, kuma ko ta fashe a hanya babu wanda ya yi asara. Don haka ta dace da jirgi sosai.

Sai na Kyoto a Japan, wanda a ganina ya fi kama da yanayinmu. Tun 2011 kamfanin kai saƙo na Yamato yake ɗaukar shatar tarago guda da sassafe a layin da ke zuwa Arashiyama, a tura kayan ciki a wasu kejina masu taya, a tashoshi kuma ma'aikata na tsaye suna jira, su gangaro da kejin su ɗaura a bayan keke su shiga lunguna. Ba a sauke kwali ɗaya ɗaya, kejin ne gaba ɗaya yake shiga yake fita, minti kaɗan an gama.

Mu ma fa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Legas ta yi tiram mai tururi tun 1902, yana tsallaka gadar Carter, kuma bayan an daina ɗaukar fasinja wajen 1914 layin da ke kwashe bahaya da dare ya ci gaba da aiki har 1933. Kun gani, na ɗaukar ƙazantar ne ya fi na mutanen daɗewa. Mutanen Jos kuma iyayensu sun san ƙaramin jirgin da ya taso daga Zariya ya hau tsauni ya isa Jos da Bukuru a 1914, wanda kuza aka gina shi ya kwasa bayan shekarun da 'yan dako ke ɗaukarta a ka, ya yi aiki har 1957. Kaya ne asalin abin da ya kawo layin dogo ƙasar nan, fasinja daga baya ya raɓa.

Yanzu mu dawo gida. Na Abuja ba tiram ba ne irin na Dresden, ba ya bin kan titi, hanyarsa daban take kuma da man dizal yake tafiya. A wajen kaya wannan alheri ne, babu danja, babu mota da za ta shiga gabansa, babu maƙwabcin da zai ce ƙarar ta hana shi barci a tsakiyar unguwa kamar yadda ake fama a can. Abu na biyu, faɗin layinsa iri ɗaya ne da na jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, kuma a Idu ɗin suka haɗu. Ga masana'antu a Idu, ga Dei-Dei da kasuwar kayan gini da ta katako da ta dabbobi da kayan gwari, ga filin jirgin sama a ɗaya ƙarshen, ga tashar tsakiyar gari da ba ta da nisa can can da kasuwannin Wuse da Garki. Wallahi in ka ɗauko taswirar layin ka duba sai ka ga kusan duk wuraren da kaya ke tasowa yake bi. Mutane ma ƙorafin da suke yi kenan, wai tashoshin sun yi nisa da gidaje, sai ka hau mashin ko keke kafin ka kai. Toh buhun siminti bai damu da hakan ba.

Na kawo wannan maganar wa wani dattijon direba da muka daɗe muna aiki tare, mutum ne mai hankali sosai. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Ɗana, tayil ɗinka sau nawa ake taɓa shi daga shago zuwa wajen gini?" Na ce sau biyu Baba, lodi da saukewa. Ya ce, "To a jirgi lissafa. Daga shago zuwa mota, daga mota zuwa jirgi, daga jirgi zuwa wata motar, daga motar zuwa ƙasa. Kowane hannu kuɗi ne, kuma kowane hannu kwali ɗaya ko biyu sai ya fashe. Wa zai biya?"

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne duk maganar take.  A tafiya mai nisa, kamar Kano zuwa Legas, sauƙin kuɗin jirgi yana shanye kuɗin lodi da saukewa har a samu rara, amma a tafiyar cikin gari da ba ta da tsawo, in ba ka yi dabara ba kafin jirgi ya motsa ma ribar ta ƙare. Shi ya sa ban yarda da masu cewa jirgi zai maye gurbin motocin kaya gaba ɗaya ba, ba zai yi ba, mai gini a Gwarinpa da yake son buhu goma yanzu yanzu mota ce maganinsa har gobe.

Amma akwai abin da muke da shi wanda Turawan ba su da shi. A can abin da ya fi tsada shi ne mutumin da zai ɗauki kayan daga tasha ya kai ƙofar shago, albashinsa kaɗai ya isa ya rushe lissafin. Mu kuwa wannan sana'ar a tsaye take tun kafin a haife mu, ga 'yan dako, ga masu baro, ga masu kura, ga keke mai buɗaɗɗen baya, ga ƙananan motocin kaya, kuma suna da shugabanninsu da layinsu da tsarin da suke bi wajen rabon aiki. Yaran nan da suke tura baro cikin rana a Dei-Dei, mafi yawansu namu ne, daga Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara. In aka yi wurin saukar kaya mai rumfa a tasha, da sikeli da rasit da farashi tsayayye, aikinsu ƙaruwa zai yi, kuma zai fi mutunci a kan yadda suke yi yanzu suna kutsawa tsakanin tireloli. Direbobi ma tafiyarsu za ta gajarta, maimakon sawu ɗaya mai tsawo da rabinsa a goslo, sai mutum ya yi sawu da yawa gajeru daga tasha zuwa cikin gari, man da zai ƙona ya ragu. Na san akwai waɗanda za su rasa wani abu, musamman masu manyan motoci, kuma dole a zauna da ƙungiyoyinsu tun farko, don duk abin da aka yi ba da su ba a wannan harkar ba ya zuwa ko'ina.

In da za a tambaye ni da me za a fara, shara zan ce, irin na Zurich. Babban jujin Gosa yana can ɓangaren Idu da hanyar filin jirgi, gefen da layin ya bi. Motocin kwasar shara daga cikin gari da su Kubwa suna doguwar tafiya su kai su dawo wayam, rabin ranarsu a hanya, shi ya sa ake ganin bola ta taru a unguwa. In da akwai wurin tarawa kusa da tasha biyu ko uku, a danne sharar a kwantena a rufe, jirgi ya ja da dare, a ɗan ja reshen layi zuwa kusa da jujin, motocin sai su tsaya cikin unguwanni suna ta kwasa. Mai kayan ɗaya ne, gwamnati. Kayan kullum akwai su, ba su da kaka ba su da rani. Duk sharuɗɗan da suka riƙe na Dresden sun cika, kuma wannan mai kayan ba zai wayi gari ya ce ya daina tara shara ba.

Na biyu sai kaya masu nauyi da ba sa lalacewa, siminti, ruwan roba, lemo, kayan masana'antun Idu da kullum sai sun shiga gari. Kamfani ɗaya ko biyu manya su ɗauki shatar tarago na shekara, su ɗaure kayansu a kan katakon lodi tun daga sito yadda inji zai ɗaga gaba ɗaya ya ajiye, babu hannun da zai taɓa buhu. Tayil ɗina ma haka zai bi in an kai ga nan, a keji mai taya da aka rufe aka sa kwaɗo, ni na rufe a Dei-Dei yarona ya buɗe a gari, amsar tambayar Baba kenan.

Kayan gwari ne nake jin tsoron a fara da su duk da su ne zuciyata ta fi so. Tumatir a kwandon kaba da ake jibga wani kan wani ba zai jure sauyin hannu huɗu ba, sai in an koma kwandon roba mai hawa kan juna, wanda wasu dillalan sun fara amfani da shi. Kuma tumatir in jirgi ya makara da awa uku kasuwar safe ta tashi, asarar a kan talaka za ta faɗa. A bari sai an ga jirgin yana cika alƙawarin lokaci tukuna.

Akwai abubuwan da sai an kashe musu kuɗi, kar mu yaudari kanmu. Tashoshin nan don mutane aka gina su, da matakala da ƙofofin shiga, babu inda tirela za ta ja da baya ta manna da tarago. Sai an yi ɗan reshen layi a gefe da fili mai daɓe da fitila da masu gadi, aƙalla a Dei-Dei da Idu da wani wuri kusa da gari. Sai an sayo taragun kaya. Sai an tsara yadda za a raba dare tsakanin jirgin kaya da masu gyaran layi, don su ma da dare suke nasu aikin. Sannan takarda, in kayana suka ɓata ko suka jiƙe wa zan kama, nawa za a biya ni, cikin kwana nawa, don ɗan kasuwa ba zai ba ka dukiyarsa ba sai ya san wannan. Direban da nake ba wa kaya na san gidansa na san mai gidansa, jirgi kuwa sai rasit.

Kuma layin bai je inda cunkoson ya fi muni ba, wato Nyanya da Mararaba, inda mutane ke fitowa tun kafin asuba don su kai ofis. A tsarin asali akwai layin da aka zana zai nufi can. Roƙona ga duk wanda zai zauna a teburin da za a amince da zanen shi ne a sa wurin lodin kaya a ciki tun ranar farko, a ware filinsa kafin a raba wa mutane su gina plaza, don in aka gama gini sannan aka tuna, kuɗin gyaran ne zai sa a ce a bar maganar kamar yadda ta faru a Amsterdam.

Mu 'yan kasuwa kuma akwai namu aikin da ba sai mun jira kowa ba. Shugabannin kasuwar Dei-Dei za su iya sa a ƙirga na wata guda, mota nawa ke fita da kaya kullum, wane irin kaya, ina suka nufa, nawa ake biya, ƙarfe nawa suke tashi ƙarfe nawa suke isa. Littafi da biro ne kawai da yara biyu a kowace ƙofa. Da wannan lissafin a hannu za a san ko kayan da ke nufar tsakiyar gari sun isa su cika tarago biyu ko uku a kowane dare, kuma da shi za a je wa hukumar birnin tarayya a nemi gwajin wata shida a tsakanin Dei-Dei da Idu da tashar gari. Ni in aka tashi wannan ƙirgar zan ba da yarona ɗaya, kuma zan kai maganar taron layinmu na gaba.